Tallafin kashe gobara a ƙauyukan Amurka: wa yake ci?

Baban Sadiƙ: Jama'a ku bar ni in amayar da abin da ke ci na. Ƙauyen da nake zaune a Amurka ba mu da ma'aikacin kashe gobara mai albashi ko ɗaya. Duk 'yan sa-kai ne, daga manomi sai direban motar makaranta sai irina. Tun 2001 FEMA, hukumar ba da agajin gaggawa ta Amurka, ke raba tallafin sayen kayan aiki, amma gasa ce. Gari mai hali sai ya ɗauki ƙwararre ya tsara masa takarda, mu kuwa wani dattijo ne ke fama da ita da dare bayan ya dawo gona. Bana rajistarmu ta SAM.gov, shafin da masu neman tallafin gwamnatin tarayya ke rajista, wadda ake sabuntawa duk shekara, ta mutu ba wanda ya ankara. Shi ke nan, sai baɗi. Ko an ba ku ma, sai kun kawo kashi 5 cikin 100 na kuɗin in mutanen garinku ba su haura 20,000 ba. Ranar Asabar ga mu a mararraba riƙe da takalmin aiki, masu mota na jefa mana dala. Bara kawai!

Malam Na-Zariya: Gyara kalamanka. Mai bara cikinsa yake yi wa. Wannan gayya ce.

Hajiya Uwar Biyu: Gayya da takalmi a bakin titi, Malam? Duk wanda ya miƙa abu a jefa masa kuɗi bara yake, ko a Amurka ne.

Malam Na-Zariya: Ashe masu neman taimakon ginin masallaci ma mabarata ne, Hajiya?

Hajiya Uwar Biyu: Kada ka sa min addini a ciki.

Injiniya: Akwai wani tallafin na hukumar gandun daji, ta hannun jihohi, don garuruwan da ba su wuce mutum 10,000 ba. Sai dai shi rabi da rabi ne. Kun gwada?

Ɗan Birni: Ka je ƙasar mutane kana raina musu. Da kasuwar Sabon Gari ta Kano ta ƙone a 2016 wane tallafi ka gani?

Malam Na-Zariya: Ai ku Kanawa komai sai kun kawo kasuwa.

Ɗan Birni: Ku kuma Zazzagawa sai gyaran Hausar mutane.

Injiniya: Na yi tambaya fa.

Baban Sadiƙ: Ni maganar cike takarda na kawo.

Malam Na-Zariya: To a taƙaice dai an yi ittifaƙi ba bara ba ce, kuma Baban Sadiƙ ya janye.

Baban Sadiƙ: Yaushe?

Hajiya Uwar Biyu: Da wa aka yi ittifaƙin? Ni ina nan a kan bakata.