Al'ada ta fara tsallake, ga ciwon gwiwa: wane gwaji zan yi?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekarata 48, al'ada ta fara yi min tsallake. Ga zufa cikin dare, ga gwiwa, tasowa daga sujada sai na dafa ƙasa. Wane gwajin homon (sinadaran jiki da ke sarrafa al'ada) zan yi, kuma a ina a nan Gombe?

Anti Nas: Wa alaikumus salam. Tsakanin shekara 45 da 55 al'ada ke ɗauke wa yawancin mata. Sinadarin istirojin ne ke raguwa, shi ne kuwa ke taimaka wa ƙashi ya riƙe ƙarfinsa. A shekarunki ba a cika buƙatar gwajin homon ba, don yanzu hawa da sauka yake yi, sakamakon yau daban, na wata mai zuwa daban. Gara a duba miki yawan jini, suga, hawan jini da tayiroyid, wato halittar nan ta gaban wuya da kumburinta ke kawo maƙoƙo. Ki je ɓangaren mata na asibitin koyarwa na tarayya.

Hajiyar Tumfure: Ƙanwata, don Allah ki bi maganar nan. Ni da nawa ya fara, wani mai kemis ne ya riƙa ƙulla min ƙwayoyi a leda, ba suna ba komai. Ciwon ya lafa kam, har ina yi masa addu'a. Sannu a hankali fuskata ta kumbura, jama'a na cewa na yi ƙiba, ashe ƙwayoyin ne, har suga ya hau. Da na kai wa likita ledar ta ce akwai sitiroyid a ciki, wani magani mai ƙarfi na rage kumburi da ciwo, wanda shan sa na dogon lokaci ke ƙara cinye ƙashin da dama ya fara rauni. Ko dainawar ma ba ta bari na yi lokaci guda ba, da kaɗan-kaɗan aka rage. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Maman Ilham: Subhanallah. Allah ya ƙara lafiya Hajiya.

Ummu Sadik: Akwai haɗin da nake sayarwa, ki yi min magana ta gefe.

Admin: Ummu Sadik, ranar talla Asabar ce.

Goggo Bolari: Ku koma daka a turmi! Injin niƙa ne ya kashe muku jiki.

Ummu Sadik: Goggo, ke da jikoki ke yi wa komai?

Anti Nas: Goggo na da gaskiyarta. Tsoka in ba ta aiki zubewa take yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce minti 150 na motsa jiki a mako, da aikin ƙarfafa tsoka sau 2. Tafiya Islamiyya a ƙafa ma lissafi ce. A haɗa da kindirmo, riɗi, ƙananan kifi da ƙashinsu, a kuma ɗan sha hantsi.

Maman Biyu: Anti, yayata ta shekara 2 ba al'ada, makon jiya ta ga jini. Dawowa ta yi?

Anti Nas: A'a, ba al'ada ba ce. Duk jinin da ya zo bayan wata 12 da ɗaukewa sai likita ya duba. Ku kai ta gobe da safe, kar ku jira ya sake zuwa.