Neman kalma: me za mu kira "continuity of care" da Hausa?

Mai Fassara: Salamu alaikum. Malamai, ina da rahoton da za a karanta a rediyo bayan Magariba, kan fursunonin Amurka da ake saki. A can, tun dokar 1965, shirin Medicaid, inshorar lafiya ta gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, ba ya biyan kuɗin maganin wanda ke tsare, a da kuma jihohi da yawa sukan soke rajistarsa. Ranar da ya fito, ba kati, ba likita, wani ma ba ƙwayar da zai sha gobe. "Continuity of care" ce ta tsaya mini a wuya. Na rubuta "ci gaban kulawa" amma raina bai kwanta ba.

Malamar Nahawu: Cire shi. Mai sauraro zai ji ci gaba irin na gina asibitoci. Ɗorewar kulawa da lafiya.

Dattijo: Ga kalma a gida kuna ta kewaye-kewaye: tazarcen jinya. Ya faro a ciki, ya zarce a waje. Kalma biyu, an gama.

Ɗalibi: Baba, da an ce tazarce sai a zata likita ne ya ƙi sauka daga kujera.

Dattijo: Yaro, "zarce" ta girmi siyasa. Don 'yan siyasa sun ara ba za mu bar musu ba.

Ma'aikaciyar Jinya: Ranka ya daɗe, ni "jinya" ce ba ta yi mini ba. Jinya ta wanda ke kwance ce. Mai ciwon suga da ke allurar insulin, mai shan maganin HIV, mai tarin fuka da ke tsakiyar watanni shidansa, duk da ƙafarsu suke fita ƙofar gidan yari. Abin tsoron shi ne maganin ya yanke. Wani bincike a jihar Washington da aka buga a 2007 ya nuna a makonni biyun farko bayan saki, haɗarin mutuwa ya ninka na sauran jama'a kusan sau 13, kuma ƙwayar maye ce kan gaba: jiki ya daina sabawa da ita a tsare, mutum ya fito ya sha adadin da ya saba, shi ke nan. Kalmar da za a zaɓa ta ɗauki wannan gaggawar.

Dattijo: To ai shi ya sa na ce tazarce.

Mai Kishin Harshe: Kafin ku yi nisa, na tabbata "inshorar lafiya" za a sa a rahoton nan. Inshora Hausa ce? Me ya hana lamunin lafiya? Kullum sai mu yi ta bara a ƙofar Turanci kamar harshenmu maraya ne.

Malamar Nahawu: Malam, da "asibiti" da "likita" daga ina ka same su? Lamuni kuma kunnen Bahaushe bashi yake ji.

Mai Kishin Harshe: Na kakanni daban, na ragwanci daban. Kuma "gidan yari" ya tsufa, gidan gyaran hali ake cewa yanzu.

Ɗalibi: Kai da ke kishin tsohuwar Hausa, yau kai ke korar Yari?

Mai Fassara: Don Allah a dawo, lokaci na tafiya. Na lura ma abu biyu ne a takardar. Ɗaya rajistar da ke biyan kuɗi: dokar da Majalisar Amurka ta yi a 2024 ta ce daga Janairun 2026 jihohi su dakatar da ita kawai, kada su soke. Ɗayan kuma maganin kansa: a Janairun 2023 aka amince wa jihar Kalifoniya ta fara biyan wasu ayyukan lafiya da Medicaid kwana 90 kafin saki, don a haɗa mutum da asibitin waje tun yana ciki.

Ma'aikaciyar Jinya: To raba su. Na farko "rashin yankewar inshora". Na biyu faɗe shi yadda muke faɗa wa maras lafiya: magani ba yankewa. Ka'idojin Nelson Mandela na Majalisar Ɗinkin Duniya kan yadda za a kula da fursunoni, na 2015, ka'ida ta 24, abin da suke nema ke nan, har suka ambaci HIV da tarin fuka da dogaro da ƙwaya.

Malamar Nahawu: "Magani ba yankewa" jimla ce, ba suna ba. Ba za ka iya cewa "shirin inganta magani ba yankewa" ba, sai harshe ya harɗe.

Mai Fassara: Na ji, Malama. A kanun labari zan sa "ɗorewar kulawa da lafiya", a cikin rahoto in ce "kada magani ya yanke musu". Inshora na nan, Malam ya yi haƙuri.

Mai Kishin Harshe: Ban yarda ba, amma rahotonka ne.

Dattijo: Ɗorewa ba laifi, sai dai ba ta nuna an tsallaka daga ciki zuwa waje ba. Ku rubuta ku ajiye, za ku dawo kan tazarce.

Mai Fassara: Allah ya ƙara girma, Baba. Saura "reentry", batun komawarsu cikin jama'a bayan saki, amma wannan sai gobe.