Furoksi fot: ni dai na tsaya a kan "ƙofar dillali"

1/ Jiya a Farm Centre, kasuwar wayoyi ta Kano, yaron da nake koya wa aiki ya tambaye ni, "Oga, wannan 8080 da muke rubutawa bayan adireshin furoksi, yaya sunanta da Hausa?" Furoksi dai na'ura ce da ke shiga tsakanin wayarka da shafukan intanet. Na rasa ta cewa. Da abin na kwana.

2/ Fot, wato sunan irin wannan lamba a Turance, ba ta ba ni wahala ba. Na ga ana fassara ta da tasha, amma ba ta zauna ba. Kowace na'ura a intanet tana da adireshinta, sai dai ba a shigarta sai ta wata lamba, daga 0 zuwa 65535. Shafi mara kulle (http) ta 80 yake bi, mai kulle (https) ta 443. Bakano ya san wannan: gari ɗaya ne, amma mai shigowa ta Kabuga daban, mai shigowa ta Ƙofar Mata daban. Ƙofa ke nan.

3/ Furoksi ce ta tsayar da ni. Wani abokin sana'a ya ce wakili. Ban yarda ba, domin wakili wanda ka sani ne, ka amince masa. Ɗan aike ya fi kusa, amma shi yakan faɗi wanda ya aiko shi.

Ku tuna dillaliyar unguwa. Matar aure ta ba ta atamfa, ta zaga da ita gida-gida, mai saye bai san daga ɗakin wa ta fito ba. Ita kuwa ta san mai kaya, ta san mai saye, ta san kuɗin. Haka furoksi take: wayarka ta miƙa mata buƙata ta ƙofar 8080, ko 3128 idan manhajar furoksi mai suna Squid ce, ko 1080, ita ta je ta karɓo, shafin kuma adireshinta yake gani.

4/ Abin da ya sa na nace shi ne, sunan da kansa yana gargaɗi. Ka ce wa mutum dillali na kyauta ne, nan take zai tambaya, to ina yake samun la'adarsa? Duk abin da ya bi ta hannunsa babu kulle yana iya karantawa, har kalmar sirri, yana iya canza shi. Ko shafi mai kulle ne, dillalin ya san inda ka je, kuma idan ka yarda ka saka takardar shaidarsa a wayarka, kullen ya tashi aiki.

5/ Masu shago, ku ma da naku. Ka kafa dillali ka bar ƙofarsa babu mai gadi, akwai masu bin adireshi ɗaya bayan ɗaya dare da rana suna ƙwanƙwasa. Su yi damfara ta layinka, in an bi sawu ƙofarka za a tsaya. Canza lamba ba ya ɓoye ta. A sa suna da kalmar sirri, a rufe ta ga duk wanda ba na gida ba.

6/ Malaman Hausa na BUK, idan dillali ya yi nauyi ku kawo wata, amma wadda za ta sa yaro ya yi tambayar la'adar nan. Yau dai da safe na ji nawa yana ce wa kwastoma, "Alhaji, ƙofar dillalinka a buɗe take."