Neman kalma kafin la'asar: me za mu kira shirin su Kimmel da Colbert?

Mai Fassara: Assalamu alaikum malamai. Ina da rahoton da zan karanta a rediyo ƙarfe 4:30 na yammar yau, kan dakatar da shirin Jimmy Kimmel da tashar talabijin ta ABC a Amurka ta yi jiya Laraba, 17 ga Satumban 2025, bayan maganar da ya yi game da kisan Charlie Kirk, ɗan fafutukar masu ra'ayin riƙau na hannun daman Trump. Abu biyu sun tsaya mini a wuya, "late night comedy" da "bias". Shiri ne da ake sawa wajen 11:35 na dare. Mutum ya fito cikin kwat, ya tsaya gaban 'yan kallo yana caccakar labaran ranar ana ta dariya, sannan ya koma bayan tebur ya karɓi baƙi. 'Yan Republican na cewa kusan duk masu irin shirin sun haɗe wa Trump kai. Na rubuta "wasan barkwancin dare" na goge, sai na ji kamar wasan yara.

Malamar Zariya: Wa alaikumus salam. Zambo ne, ƙanena. Habaici ba ya kama suna, su kuwa ƙarara suke kiran sunan shugaban ƙasa. Ka ce shirin zambon siyasa na dare.

Ɗan Damagaram: Malama, mai zambo yana da ubangida. Maroƙi yana zage abokin gabar wanda ya ba shi riga ne. In aka ce zambo, an riga an yanke wa Kimmel hukunci cewa ɗan koren wani ne, alhali zargi ne ake yi. Ni na fi son shaguɓe.

Malamar Zariya: Shaguɓe a kaikaice ake yi. A watan Yuli Stephen Colbert, mai irin wannan shirin, ya tsaya a tashar CBS ya kira dala miliyan 16 da kamfanin Paramount, mai tashar, ya yarda ya biya don sasanta ƙarar Trump da sunan cin hanci. Bayan kwana uku aka sanar shirinsa zai ƙare a Mayun 2026, tashar ta ce matsalar kuɗi ce kawai. Ina shaguɓe a nan? Wannan ai ido da ido ne.

Baba Mai Ritaya: Ku bar wannan, ta biyun ce mai wuya, kuma na daɗe da warware ta. Jam'iyyanci. Kamar yadda muke da ƙabilanci daga ƙabila. Shekara da shekaru ina koya wa ɗalibaina ita.

Mai Fassara: Baba, na gode. Ni ɓangaranci na fara rubutawa, sai na tuna mai sauraro a Kano zai ji kamar maganar Kudu da Arewa ake yi. Son kai kuma ya yi nauyi, kamar an ce wani abu suke samu.

Ɗan Damagaram: Baba, jam'iyyanci ba za ta ɗauka ba. Da Jon Stewart ya koma The Daily Show a Fabrairun 2024, tsufan Biden ya taɓa a daren farko, 'yan Democrat suka yi ta jin haushi. Ra'ayinsu ne ya jingina wajen masu sassauci, ba katin jam'iyya suke yi wa aiki ba.

Alaramma: Ta'assubanci.

Baba Mai Ritaya: Allah gafarta Malam, Larabci kuma? Kullum sai mun je aro alhali rumbunmu cike yake? Abin da ke kashe harshen nan ke nan.

Alaramma: Baba, jam'iyya daga ina ta zo? Siyasa fa? Duk daga Larabci ne, kuma sun zama namu tun kaka da kakanni.

Baba Mai Ritaya: Jam'iyya ta ɗauki ɗafin -anci ta zauna daram, wannan shi ne zama Bahaushiya. Abin da ke ci mini rai, duk kalmar da ba a ji ta a gidajen rediyon ƙetare ba, sai a ce babu ita. Mu da muka ƙarar da ƙuruciya a aji da alli a hannu, in mun ƙirƙiro, sai a ce ba ta ɗauka ba.

Ɗan Damagaram: Ku ma haka kuke yi mana, Baba. In muka kawo tamu daga wannan gefen iyaka, sai a ce ba daidaitacciya ba ce, kamar a Kano kaɗai aka yanke wa Hausa cibiya.

Malamar Zariya: Don Allah ku dubi agogo, yaron nan yana da aiki. Ƙanena, ka ɗauki karkata. Ba zagi a cikinta, kuma tana tafiya kowane gefe. Greg Gutfeld na Fox News shi ma barkwancin dare yake yi, nasa ya karkata wajen masu ra'ayin riƙau. Kalma ɗaya ta ɗauke su duka. Ana kuma yawan kwatanta su da Johnny Carson, wanda ya riƙe The Tonight Show daga 1962 zuwa 1992 yana taɓa kowa ba tare da ya nuna inda ya dosa ba. In ka zo nan sai ka ce bai karkata ba.

Alaramma: Karkata ta yi. Amma ka sa "zargin" a gaba, amana ce.

Baba Mai Ritaya: Karkata ai jaki ma kayansa na karkata. Ba ta da ƙamshin siyasa ko kaɗan.

Mai Fassara: Lokaci ya ƙure. Ga abin da zan karanta: "shirin barkwancin siyasa na dare, wanda 'yan Republican ke zargi da karkata ga ɓangare guda." Zambo na ajiye ta, maganar ubangida ta shige ni, ko da yake barkwanci har yanzu ya yi mini sanyi, bai nuna cizon da ke cikin shirin ba. Baba, a yi haƙuri da ni yau.

Malamar Zariya: Ni dai ina nan a kan zambo.

Baba Mai Ritaya: Ka karanta yadda ka ga dama, ɗana, Allah ya taimaka. Amma in za ka sake rahoton gobe, ka gwada jam'iyyanci ko sau ɗaya ne, ka ji ko wani zai bugo waya ya ce bai gane ba.