Neman shawara: zan haɗa kwamfutar gem, Windows ko Linux?

Ɗan Kubwa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara guda ina tara kuɗi, yanzu sun kai naira dubu 850, kuma na riga ina da monita da kibod. So nake na haɗa kwamfuta da hannuna don buga EA FC da Valorant, wani lokacin GTA V. Na zaga Banex, kasuwar kayan kwamfuta a Abuja, ranar Asabar, wani mai shago ya ce na ɗauki firosesa Ryzen 5 5600G, wai ba na buƙatar katin girafik. Na gabansa kuma ya ce AM5 kawai, wato sabon mazaunin firosesar AMD a madabod, wai AM4, tsohon mazaunin da 5600G ke hawa, ta mutu. Sannan abokina na makaranta ya dame ni da Linux, wai kyauta ce kuma ba ta da nauyi. Kaina ya ɗaure. Ku taimaka min don Allah.

Injiniya Gwarimpa: Wa alaikumus salam ƙanena. Fara da batun Linux, don shi ne mafi sauƙin yankewa. Gem ɗin da ka lissafa su suka zaɓar maka, ba abokinka ba. Valorant tana tafe da Vanguard, manhajar hana maguɗi, kuma ba ta tashi a Linux sam. EA FC ma haka, tata manhajar tsaron ba ta yarda da Linux. Ni kaina Linux nake aiki da ita a ofis, kuma tun da kamfanin Valve ya fito da Proton, manhajar da ke sa gem ɗin Windows su yi aiki a Linux, a 2018 wasanni da yawa na Steam suna gudu lafiya a kanta. Amma waɗannan biyun naka ba sa ciki. Sa Windows 11. Kada ka koma 10, Microsoft ta daina tallafa mata na yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025. Ka tuna ka shiga BIOS, wato saitin madabod, ka kunna matakan tsaro biyu, TPM 2.0, wanda a madabod ɗin AMD ake kira fTPM, da Secure Boot, in ba haka ba Valorant za ta ƙi buɗewa ka zaci kayanka ne suka lalace.

Baban Ummi: AM4 ba ta mutu ba, mai shagon kayan da ke kan kantarsa yake son sayarwa. Gaskiya ne tun 2016 take, kuma AM5 ta 2022 ita ce ke da gaba. Sai dai AM5 DDR5 kaɗai take karɓa, madabod ɗinta ma ya fi tsada. In ka bi ta nan da kuɗinka, katin girafik ne zai sha wahala, alhali shi ne ke ɗaukar nauyin gem. Ɗauki 5600 marar G, da madabod B550, da RAM DDR4 guda biyu masu 8GB kowanne. Guda biyu fa, ba ɗaya mai 16 ba, don su yi aiki a layi biyu. SSD NVMe 1TB. Ragowar ka zuba a kati: RX 6600 mai 8GB ya ishe ka a 1080p.

Ɗan Kubwa: Na gode Baba. To me ya sa ba mai G ɗin ba? Na ga kamar riba ce, firosesa da girafik a haɗe.

Baban Ummi: Mai G na wanda bai da kuɗin kati ne yanzu. An rage masa ma'ajiyar L3, wato ma'ajiyar sauri ta cikin firosesa, zuwa 16MB, na 5600 kuwa 32MB ne, kuma hanyar haɗa mai G da kati a PCIe 3.0 ta tsaya. Tunda za ka sayi kati, ba ka da hujjar ɗaukarsa. Abu ɗaya kawai: 5600 ba ya fitar da hoto shi kaɗai, don haka wayar monita a jikin katin za ka soka ta, ba a madabod ba. Yara da yawa sun kawo min kwamfuta a guje kan wannan.

Mai Gyara na Wuse: Duk kun yi magana, amma ba wanda ya taɓo abin da ke kawo min kwastoma: wuta. Mutum zai kashe dubu ɗaruruwa a kati, sai ya zo kan fawa safulai ya ce a ba shi na banza wanda ya zo a cikin akwatin kwamfuta. Rannan aka kawo min wata, an ɗauke wuta an dawo da ita da ƙarfi, fawar ta tashi ta tafi da madabod da SSD, mai ita yana ta salati. RX 6600 wat 132 yake ja, 5600 kuma 65 aka rubuta masa, saboda haka 550W mai shaidar 80 Plus Bronze daga kamfani sananne ya wadatar, 650W in kana da niyyar canza kati gaba. Kuma ka ware kuɗin UPS tun yanzu, ko da za ka haƙura da fankoki masu fitilu kala-kala. In inbata gare ku a gida, tambayi wanda ya haɗa ta ko mai tsabtatacciyar wuta ce irin ta layi, don fawar zamani wani lokacin takan kashe kanta a kan ɗaya irin. Ƙaramin janareta kai tsaye kuwa, kada ka soma.

Na Jos: Mu nan Rayfield sanyi ya raba mu da matsalar zafi, ku na Abuja a watan Maris sai addu'a. Nemi akwati mai raga a gaba, ba gilashi rufe ba. Kuma ƙurar hunturu ba ta da aboki, ɗaga kwamfutar daga ƙasa, ka riƙa kakkaɓe matatar.

Ɗan Kubwa: An nuna min RTX 3060 tokumbo, kusan kuɗinsu ɗaya da sabon 6600.

Mai Gyara na Wuse: 3060 mai 12GB kati ne mai kyau, amma da yawa sun yi aikin haƙar Ethereum dare da rana kafin a daina a Satumbar 2022. Akwai kuma mai 8GB mai suna iri ɗaya da ya fi rauni, duba da kyau. Kada ka biya sai an soka shi a gabanka, a buɗe GPU-Z mai nuna bayanan kati, a saki FurMark mai gwada ƙarfinsa minti 20 kana kallon zafi da fankokin biyu. In mai shagon ya fara cewa ba wuta, ɗauki takalminka.

Ɗan Kubwa: Allah ya saka da alheri. 5600, B550, Windows 11, fawa 650W da UPS. Katin zan bari sai an gwada. Oga Mai Gyara, ranar Asabar da ƙarfe nawa kake buɗe shago?