Don Allah a taimaka: PCR ya ƙi nuna min komai

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa masu aikin ɗakin gwaji. Ina shekara ta uku a digirin digirgir, ina bincike kan ƙwayar cutar E. coli da ke bijire wa magani a fitsarin masu ciwon mafitsara.

A farantin renon ƙwayoyin cuta dai babu tantama: ƙwayoyin sun ƙi jin magungunan seftiriyazon da sefotazim, kuma da na haɗa da sinadarin kilabulanik sai suka ji, alamar ESBL ke nan, wato sinadarin da ƙwayoyin ke fitarwa mai lalata irin waɗannan magunguna. Amma da na nemi ƙwayar halittar blaCTX-M, ɗaya daga cikin masu samar da ESBL, da PCR (gwajin da ke ninka DNA har a iya ganinsa), sai jel ɗin da ake duba sakamako a kai ya fito fayau. Sau huɗu ke nan. Tsanin awo, wato ma'aunin girman DNA, yana fitowa sarai, amma ko samfurin da na tabbata yana ɗauke da ita bai fito ba, kuma wannan ne ya fi damuna.

Ta hanyar tafasawa nake ciro DNA. Firizarmu kuma ta narke sau biyu saboda ɗauke wuta, Taq, sinadarin da ke ninka DNA a PCR, yana ciki. Shin shi ne ya mutu, ko zafin mannewar firaima (guntayen DNA da ke manne wa wurin da ake nema), digiri 55, ya yi yawa? Kuɗin kayan aikin daga aljihuna suke fita, abin da ya rage bai wuce na gwaji biyu ba. Wanne zan fara canzawa?