Ƙugiyar motata ta ƙi ɗaga janareto, me zan yi?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa, na shiga uku. Ni da surukina muka haɗa kuɗi muka sayi babbar mota ta hannu mai ƙugiyar Hiab, wato injin ɗaga kaya, a bayan kan direba. Kuɗinsa ya fi nawa, kullum sai ya kira, ga matata a tsakiya ko magana ba ta son a yi. Mai sayarwa ya rantse ƙugiyar tana ɗaga tan 5. Jiya na je tsallakar da janareto mai tan 2.5 ta kan katanga, ina miƙa hannun ƙugiyar sai ya ƙame, ƙararrawa ta kama kuka. Na riga na karɓi rabin kuɗin aikin.

Tsohon direba: Wa alaikumus salam. Kai yaro, ba abin da ya samu motarka. Na'urar tsaron nan ce mai tsayar da ƙugiya in nauyi ya yi yawa, Turawa tsoro ya yi musu yawa. A cire wayarta, a ɗan ƙara wa bawul ƙarfi, ka gama aikinka. Tun ba a haife ka ba muke haka.

Makaniki: Baba, da girmanka, wannan shawara kifar da mota take yi. Malam, mita nawa ne daga gindin ƙugiyar zuwa inda za ka ajiye? Me aka rubuta a allon ƙarfen da ke jikinta?

Mai tambaya: Kamar mita 6. Allon ya goge, amma takardar ta ce tan-mita 10. Kuma a gabana ta ɗaga tan 4 kafin in biya, ni ba makaho ba ne.

Makaniki: A gefen mota ta ɗaga, ko? Tan-mita nauyi ne sau nisa. Tan 5 ɗin a mita 2 ne. A mita 6 da ƙyar ta wuce tan ɗaya da rabi, don hannun ma nauyi gare shi. Janaretonka a wannan nisa yana neman tan-mita 15. Na'urar gaskiya ta faɗa maka.

Wani mamba: Ni abin da ya ƙona min rai daban ne. Takardar motata ta ce tana ɗaukar kayan tan 6, ashe kafin a ɗora ƙugiya aka rubuta. Ƙugiyar da ƙafafunta na tokare ƙasa da ƙarfen da ta zauna a kai sun cinye fiye da tan ɗaya, kuma yawancinsa kan tayoyin gaba. Sai a sikeli na sani, aka ci ni tara. Dillalin ya daina ɗaukar wayata.

Tsohon direba: Lissafin takarda ke nan. Ka fitar da ƙafafu har ƙarshe, ka sa katako a ƙarƙashi, ba inda za ta je.

Makaniki: Ƙafafu da katako dole ne, Baba, amma ba sa ƙara wa hannu ƙarfi. Ko dai ya matsar da motar nisan ya dawo ƙasa da mita 4, ko ya yi hayar wadda ta fi ta.

Mai tambaya: Motar ba za ta matsa ba, akwai kwata. Haya kuwa, me zan ce wa surukina? Baba, wayar wane launi ce?

Makaniki: Ni dai ba hannuna.

Wani mamba: Ka auna motar tukuna ma?